Takarda Huɗu da Injin Fotokofi: Wa Zai Rubuta Labarin Mawaƙan Lungunan Zariya?

A ƙarshen watan Nuwamban 2023 manhajar OkadaBooks ta rufe shago. In kana cikin masu karatun littattafan Hausa a waya ka san abin da nake nufi, domin marubutanmu da yawa, musamman mata, a can suke kasa littattafansu ana saye. Shekara goma ana cin kasuwa, rana ɗaya aka ce kowa ya kwashe kayansa. Wanda ya ajiye kwafin aikinsa a wani wuri ya tsira, wanda bai ajiye ba sai dai haƙuri. Kafin nan, a 2019, kamfanin MySpace na Amurka ya fito ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya rumbun ajiya, waƙa wajen miliyan 50. Ba gobara aka yi ba, ba yaƙi aka yi ba. Mu nan gida ma ba mu manta ba: daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta toshe Twitter, kuma a ƙarshen 2021 ɗin aka katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna.

To, ga tambayar da ta sa na jero maka waɗannan. Yaron nan na unguwarku da ke gambarar zamani, wanda yake sulalewa daga cikin birni ya tafi situdiyo a Tudun Wada ko Sabon Gari, ya yi waƙa da sunan da babansa bai sani ba, ina aikinsa yake ajiye? Yarinyar nan da ke zana lallen da in kin gani sai kin tsaya kin sake kallo, ina nata yake? Amsar ɗaya ce: TikTok, Audiomack, Instagram, sai sitatus na WhatsApp da ke gogewa bayan awa 24. Wato dukiyar tana gidan haya, kuma mai gidan bai san da zamanmu ba. Ranar da ya ga dama zai sa kwaɗo.

Abin da ya fi wannan ciwo, ko ba a rufe gidan ba, babu mai rubuta komai a kan aikin. Waƙa ta fito, a yi ta turawa kwana uku, a sa alamar wuta a ƙarƙashinta, shi ke nan an wuce. Wa ya haɗa kiɗan? A wane situdiyo? Me yaron yake nufi da baitin nan da ya ambaci rashin wuta da kuɗin makaranta? Waƙar ma ta yi kyau ko ba ta yi ba? Shiru kake ji.

Matasan wasu ƙasashe sun taɓa samun kansu a irin wannan hali, sai suka ƙirƙiro abin da suke kira zin. Kar sunan ya ruɗe ka, 'yar ƙaramar mujalla ce da mutum ɗaya ko abokai uku za su haɗa da hannunsu, ba kamfani, ba talla, ba edita mai cewa a cire wannan a sa wancan. A rubuta, a yanka hoto a manna, a kai shagon fotokofi, a raba hannu da hannu. Wadda aka fi ambata ita ce Sniffin' Glue ta birnin Landan. Wani matashi ma'aikacin banki, Mark Perry, ya fara ta a Yulin 1976 saboda yana son sabon kiɗan rok mai hayaniya da ake kira pank, manyan jaridun kiɗa kuma ba su ba shi muhimmancin da yake so ba. Kwafi 50 ya fara bugawa, kanun labaran ma da alƙalamin maka ya rubuta su. Kafin ya daina a 1977 tana fita dubbai. Yau duk mai son rubuta tarihin wannan kiɗa sai ya koma kan waɗannan takardu masu karkataccen rubutu.

Na san abin da za ka ce: “Malam, mu ina ruwanmu da rok? A cikin ganuwar Zazzau wa ke kaɗa jita?” Gaskiyarka, ba zan zo in yi maka ƙaryar cewa akwai wasu 'yan rok da ke ɓoye a Kwarbai ko Ƙaura ba. Amma tsaya ka ji, kiɗan jita bai yi mana nisan da kake zato ba. Bongos Ikwue, wanda iyayenmu suka sha jin muryarsa a rediyo, yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ya kafa ƙungiyar kiɗa mai suna UniBello Brothers. Bala Miller, wanda asalin gidansu Zariya ne, ya yi shekaru yana jan babbar ƙungiyar kiɗa a Kaduna har da shirinsa a talabijin. A nan Arewa an yi The Elcados a shekarun 1970, lokacin da su Ofege da BLO da The Funkees ke tashe a kudu. To wa ya tattara tarihin rok ɗin Najeriya na wancan zamani? A 2016 wani kamfanin faifai na Los Angeles, Now-Again, ya fitar da kundi biyu masu suna Wake Up You!, tare da dogon rubutun Uchenna Ikonne, ɗan Najeriya da ya sha wahalar bin tsofaffin makaɗan ɗaya bayan ɗaya. Shekara arba'in bayan an gama kiɗan. Wasu makaɗan sun riga mu gidan gaskiya kafin a zo tambayarsu.

Misalin da ya fi ba ni takaici kuwa na kusa ne. Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar da yanzu ake ƙirga shi cikin gwanayen jita na duniya, kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin sautin nan na kwamfuta da muka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin ba su bi ta rediyo ba, ta memori da bulutut suka bi, daga waya zuwa waya, har suka ƙetara Mali da Muritaniya. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai shafin Sahel Sounds, ya tsince su, ya sa ɗaya a kundin Music from Saharan Cellphones na 2011, ya bi sawun mai waƙar har ya same shi. Yau Mdou Moctar yana tare da kamfanin Matador na Amurka, ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Shi dai wannan Kirkley shi ya tattara waƙoƙin finafinanmu ya fitar da su a faifai da sunan Harafin So a 2013. Ba na jin haushinsa, aikinsa ya yi, kuma ya yi da kyau. Amma je ka nemi labarin yadda aka yi wannan naɗi na Sakkwato, mafi yawan abin da za ka samu da Turanci ne ko Faransanci. Abu ya faru a tsakar gidanmu, sai mun je maƙwabta a ba mu labari.

Kuma wai a ce Zariya ce ke cikin wannan hali! Garin da boko na Hausa ya koyi tafiya. Nan Hukumar Talifi ta zauna ƙarƙashin Rupert East, nan aka shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Nan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. Kamfanin Gaskiya ya kafu a Tukur-Tukur a 1945, NORLA ta zo a 1954, NNPC ta biyo baya a 1966. A zamanin NORLA kusan kowane lardi da 'yar jaridarsa: Kano na da Sodangi, Katsina na da Himma, Sakkwato na da Zaruma, mu kuma muna da Bazazzaga. Duk ɗalibin aikin jarida ya haddace wannan jerin don jarrabawa, ni ma na haddace.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa mana a aji ba: duk waɗannan na hukuma ne. Gwamnati ce ke biya, ita ke zaɓen abin da ya cancanci tawada. Tarihin da ya fi kama da zin yana gefe, a tabarmar masu sayar da littattafai bakin masallaci da cikin kasuwa. 'Yan ƙananan takardun ajami na waƙoƙin wa'azi da madahu, waɗanda mai kyan hannu zai kwafa, a buga su da araha, a sayar wa mai kwabo. Waƙoƙin Imfiraji na Malam Aliyu Namangi, makahon malamin nan na ƙasar Zazzau, sun daɗe suna yawo a bakin almajirai da makafi da cikin irin waɗannan takardu, ba su jira wani mai digiri ya sa musu hannu ba. Kakanninmu sun san yadda ake yaɗa rubutu ba tare da neman izinin ofis ba.

Sannan ga Adabin Kasuwar Kano. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa ba su zauna suna kuka ba. Suka riƙa rubuta labaransu, su tara kuɗi, su kai wa mai injin bugu a lungu, su kai kasuwa da kansu. Talatu Wada Ahmed da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya. Takarda mai arha, bango mai zanen hannu, kurakuran bugu ko'ina. Masana suka yi musu ca, sunan “adabin kasuwa” ma da farko ba yabo ba ne, Ibrahim Malumfashi ya yi ta fafatawa da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu a shafukan jarida kan ko wannan abu adabi ne ko shirme. Yau fa? Ana rubuta digirin digirgir a kansu. Littafin Balaraba an fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012. Graham Furniss da abokan aikinsa sun tattara ɗaruruwansu a Landan sun yi musu kundin sunaye.

Ka san daga ina sunan Kannywood ya fito? Daga 'yar ƙaramar mujalla. Sunusi Shehu Daneji ne ya fara amfani da shi a mujallarsa ta Tauraruwa a 1999, shekarar da Ibrahim Sheme ya fara fitar da mujallar Fim. A lokacin manyan jaridu kallon wasan yara suke yi wa finafinan Hausa. Waɗannan mujallu ne suka riƙa shiga wurin ɗaukar fim, suna hira da 'yan wasa da mawaƙa, suna buga wasiƙun masu kallo, wani lokaci su yi suka har a yi fushi da su. Duk wanda zai rubuta tarihin masana'antar nan yau, tsofaffin kwafin Fim ne madogararsa. Sunan da duniya ta san masana'antar da shi, daga shafin da ake yi wa kallon raini ya fito.

Ta fannin zane ma Zariya tana da nata. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama ABU, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suka ce ba za su ci gaba da kwaikwayon Turawa ido rufe ba, za su haɗa abin da aka koya musu da zanen gidajensu. Ana ce musu 'yan tawayen Zariya. Dalilin da ya sa muka san abin da suka tattauna shi ne Uche Okeke mutum ne mai rubutu da ajiya. Daga baya su Gani Odutokun suka kafa ƙungiyar The Eye a nan Zariya, suka fitar da mujallarsu ta zane a farkon shekarun 1990. Amma lura da wani abu: duk wannan a Samaru ne, da Turanci, tsakanin 'yan jami'a. Mai zanen bango irin Musa Yola, wanda ya ƙawata gine-gine a yankin Zariya da hotunansa, sai da wani malamin jami'a Bature, David Heathcote, ya yi rubutu a kansa sannan sunansa ya shiga littafi. Masallacin Juma'a na birni mun san Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a ƙarni na 19, saboda aikin sarki ne. Magina nawa ne suka yi wa zaurukan birni adon dagi da zanen tabo, suka mutu ba wanda ya rubuta sunansu? Yanzu ma ana rushe zaurukan ana kafa bulo, adon yana tafiya tare da ƙasar.

Daga Samaru zuwa Ƙofar Doka tafiyar 'yan mintuna ce a mota, amma wallahi a harkar rubutu kamar ƙasa biyu ce. Mu 'yan sashen aikin jarida ana koya mana yadda ake rubuta labarin gwamna ya ƙaddamar, kwamishina ya bayyana, shugaban ƙaramar hukuma ya yi kira. Jaridar gwaji da muke fitarwa don maki, da Turanci take, kuma daga an ba da maki an gama da ita. Ba wanda ya taɓa tura mu wurin mai yi wa Keke Napep ado da fenti, ko mai zayyanar allo, ko maɗinkin hula da ke zaune a zaure yana fitar da zanen da ba a koyar da shi a kowace makaranta. Waɗannan su ne masu fasahar gefe a garinmu, ba sai mun aro daga Landan ba.

To me ya hana? Mutane za su ce kuɗi. Mu yi lissafi. Takardar A4 guda huɗu, in ka buga gaba da baya ka ninke su biyu, shafi 16 ke nan. Kwafi 50 zai ci takarda 200, ko rabin rim bai kai ba. Shagunan fotokofi kuwa a Samaru da Kongo sun fi masu shayi yawa, kullum suna buga mana handaut. Na yarda takarda ta yi tsada, komai ma ya yi tsada, amma data fa? A farkon 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari, muka yi ta surutu, muka ci gaba da saye. Abokai biyar da za su haɗa kuɗin datar mako guda za su fitar da fitowa ta farko. Batun kuɗi uzuri ne kawai.

Za a kuma ce matasa ba sa karatun takarda. Wannan akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma zin ba ya neman mutum dubu ɗari. Hamsin yake nema, waɗanda abin ya dama. Kuma ba wanda ya ce in ka buga a takarda kar ka ɗauki hotonsa ka watsa a waya. Yi duka biyun. Bambancin shi ne na takardar yana hannunka, ba ya buƙatar caji, ba ya jiran netwok, kuma ba wani kamfani a Kalifoniya ko Sin da zai danna maɓalli ya ɓace.

Abin da nake ganin ya fi hana mu, abu biyu ne, kuma duka a cikinmu suke.

Na farko tsoro da kunya. Birnin Zariya gari ne na malamai da sarauta, gari ne da in ka yi tari a Limancin Kona za a ji a Babban Dodo. Kowa ɗan gidan wane ne. Yaro zai iya yin waƙa a ɓoye da sunan aro, amma ranar da aka ga sunan gidansu a takarda kusa da kalmar “mawaƙi”, sai an kira taron dangi. Ga mace kuwa abin ya ninka, don har maganar aurenta sai ta shigo ciki. Ba na raina wannan, ni ma a cikinsa na tashi, kuma akwai alheri a garin da kowa ke jin kunyar kowa. Sai dai wannan hali yana sa a binne mai kyau tare da marar kyau. Yaron da ke waƙa kan shaye-shaye da ya cinye abokansa, da wanda ke waƙar batsa, duk “ɗan iska” ake ce musu, saboda ba wanda ya zauna ya saurara balle ya bambance. Rubutu ne ke bambancewa. Kuma a nan zin yake da amfani, don ya yarda da sunan alƙalami, ya yarda a sakaya fuska, ba ya tilasta wa kowa rawa a gaban kyamara kafin a san da aikinsa. TikTok fuska yake so. Takarda aikin take so.

Tsoron hukuma ma ba tatsuniya ba ce. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Girgiza Kai ta Ziriums da Hasbunallahu ta Aminu Ala, kuma shi Ala har kama shi aka yi a shekarar. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, kan batun kai su tacewa. E, mu a jihar Kaduna muke, hukumar Kano ba ta da iko a kanmu, amma kasuwar ai can take, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka san abin yi. Abin lura a labarin 2009 shi ne haramcin bai kashe waƙoƙin ba, bulutut ya raba su fiye da da. Cikakken bayanin abin da ya faru kuwa, kwanan wata da sunayen waƙoƙi da zaman kotu, da yawansa a shafin Carmen McCain aka adana shi, Ba'amurkiyar nan da ake kira Talatu, da kuma mujallar Fim. Ka ga dai, waƙa takan tsira da kanta, labarinta ne ba ya tsira sai an rubuta.

Kar kuma in yaudare ka cewa takarda ba ta da nata haɗarin. Ana ƙona ta, gara na cin ta, damina na jiƙa ta. Kuma duk abin da ka buga da sunan wani, dokar ɓata suna tana nan tana jiranka, ko kwafi goma ka buga. Zin ba lasisin ƙazafi ba ne. Wanda zai buɗe shi don ya tona asirin 'yar wane ko ya rama faɗan situdiyo, gara ya bar mana takardar mu yi handaut da ita.

Na biyu, kuma wannan ya fi wuyar magani: ba mu iya suka ba, yabo muka iya. Duba shafukan da ke ɗora waƙoƙin Arewa a intanet. Kusan rubutu ɗaya ne ake sauya wa suna: fitaccen mawaƙi, hazikin matashi, ya sake zuwa da zazzafar waƙa, sauke ta nan. Kowa fitacce ne, kowace waƙa zazzafa ce, ko da kuwa yaron jiya ya fara kuma kiɗan na sata ne. Dalili a fili yake, mawaƙin ne ke biyan kuɗin “furomo”, wanda ya biya kuwa ba a gaya masa gaskiya. Roƙo ne da maroƙi ya koma kwamfuta. Su maroƙan asali ma sun fi mu, don sun iya zambo da habaici in ta kama. Illar ita ce mawaƙin ba ya girma. Ba wanda zai ce masa: baitinka na biyu ya fi na farko, amshin nan ka ara ne daga DJ AB, Hausarka tana da daɗi amma me ya sa in ka zo maganar zuci sai ka koma Turanci? In kuwa ka kuskura ka faɗa a ƙarƙashin bidiyonsa, yaransa za su yi maka rubdugu su ce hassada ce. A takarda ba rubdugu. Mutum zai karanta shi kaɗai a ɗaki, ya ji haushi, ya kwana, ya sake karantawa da safe.

Saboda haka in za a yi, a yi shi da sharaɗi ɗaya: ba a karɓar ko sisi daga wanda za a rubuta labarinsa. Daga ranar da aka karɓa, an koma gidan jiya.

Me za a sa a ciki? Kai, abin sawa ai ya fi shafukan yawa. Je ka zauna da mai tura waƙa a memori, irin waɗanda ke da kwamfuta da lasifika a bakin kasuwa ko tasha, ka tambaye shi waƙoƙi goman da aka fi nema a wannan mako. Wannan jerin babu shi a Spotify, babu shi a kowane gidan rediyo, kuma shi ne ainihin abin da garin ke saurare. Ka yi haka wata shida a jere, kana da abin da babu wani farfesa da ke da shi. Nemi mai haɗa kiɗa ya nuna maka yadda yake shigar da kalangu ko kukuma cikin kwamfuta, da nawa yake karɓa, da yadda yake yi in an ɗauke wuta ana tsakiyar naɗi. Nemi dattijon da ya yi zamani da su Hassan Wayam a nan Zariya ya ba ka labarin yadda ake wasa a da. Ke kuma da kike da damar shiga cikin gidajen da mu maza ba ma shiga, akwai masu lalle, da masu waƙoƙin biki, da 'yan matan da ke rubuta littafi a waya suna sayarwa a guruf, shafi-shafi, ta hanyar tura kati ko kuɗi a asusu. Wannan kasuwa ce sukutum da mata suka gina, kuma yawancinta ba ta kan kowace takarda. Ɗauki hoton zauren da aka sa wa alamar rushewa kafin magina su iso. Kuma a rubuta da Hausar da muke yi, Zazzagancinmu da Kanawa ke yi wa dariya, ba sai an yi masa kwalliya ba.

In an buga, kwafi biyu ko uku a kai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, a kai Gidan Arewa a Kaduna, sauran a bar su a shagon aski, wurin mai shayi, situdiyo, da majalisar unguwa. Sannan abu ɗaya da marubutan kasuwar Kano da yawa suka manta, har ya wahalar da masu bincike daga baya: littattafai da dama sun fito ba shekarar bugu a jikinsu. A bangon gaba, ƙasan suna, a rubuta wata da shekara da unguwar da aka haɗa shi, ko da biro ne.